Shekara ɗari ana sayar da kifi a gidan masaƙa: labarin Piece Hall na garin Halifax

(An rubuto wannan lacca ne daga faifan sautin da aka ɗauka a wani zama na ɗaliban tsara gine-gine da tsara birane. An rage maimaici da doguwar gaisuwa, sauran kuwa kamar yadda malamin ya faɗa ne.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ke zaune a gaba, abokan aiki, da ku ɗalibai, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan tsofaffin gine-ginen kasuwanci, da abin da ke samunsu idan cinikin da aka gina su dominsa ya mutu. In na ce zan yi bayani a dunƙule, kafin rabin awa na bayan can sun fara gyangyaɗi. Don haka gini ɗaya tak na ɗauko, mu bi shi tun daga ranar da aka buɗe ƙofarsa har zuwa yau. Yana wani gari a arewacin Ingila da ake kira Halifax, a yankin Yorkshire, tsakanin Leeds da Manchester. Akwai wata Halifax a Kanada, ba ita nake nufi ba. Wannan ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 100,000 ba. Sunan ginin Piece Hall.

Ga hotonsa nan a bango. Abin da kuke gani gini ne na dutse mai kusurwa huɗu, ya kewaye wani makeken fili a tsakiya. Ta waje kusan bango ne kawai, ba ado, ba tagogin a zo a gani. Sai ka shiga ta ƙofa ka tsaya a tsakar gidan sannan za ka ga abin da aka yi: baranda a kan baranda, ginshiƙai a jere sun zagaye filin, bayan ginshiƙan kuma ƙananan ɗakuna, kowanne da ƙofarsa da tagarsa. Ɗakunan 315 ne. Da yake wurin gangare ne, ta yamma hawa biyu ne, ta gabas inda ƙasa ta yi kwari hawa uku. An buɗe shi ranar 1 ga Janairu, 1779.

To me ya sa ƙaramin gari ya yi irin wannan gini? Sai mun koma ga ƙasar wurin. Halifax tana cikin tsaunukan Pennine, ƙasa ce mai duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama, noma ba ya ci da iyali. Abin da Allah ya hore musu shi ne ƙoramu masu gudu, ruwansu kuma mai kyau ne wajen wankin ulu. Saboda haka tun ɗaruruwan shekaru kafin ginin, mutanen yankin saƙa ce abincinsu. Har majalisar dokokin Ingila ta yi wata doka a 1555 musamman don Halifax, ta halatta wa ƙananan dillalai su sayi ulu su sayar wa talakawan masaƙa kaɗan-kaɗan, alhali a wasu wuraren an hana irin wannan dillanci. Dalilin da dokar ta bayar shi ne ƙasar ba ta noma, kuma talakan wurin ba shi da jarin da zai sayi ulu da yawa a lokaci guda.

Aikin na gida ne, kowa da nasa. Yara su share ulun su taje shi, mata su yi kaɗi, maigida ya hau masaƙa. In an gama a kai yadin bakin ƙorama inda injin da ruwa ke juyawa zai dake shi har ya yi kauri, a dawo da shi a ɗame a kan katako a fili ya bushe. Sai maigida ya naɗe bandir guda, tsawonsa yadi 30, ya saɓa a kafaɗa ko ya ɗora wa doki, ya gangaro gari. Abin da ya samu da shi zai sayi ulun mako mai zuwa da abincin gida. Ku da kuka karanta tarihin Kano ba za ku ji wannan baƙo ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufar da ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus a gidaje da ƙauyuka ake saƙa ta, ba a wata masana'anta ba. Namu auduga ce, nasu ulu, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Don ku san yadda suka ɗauki tufa da muhimmanci: yadin da aka shanya a fili ba mai gadinsa, ɓarawo na iya zuwa da dare ya yanke. Garin yana da wata na'urar fille kai, wadda ta girmi ta Faransa da kowa ya sani. Wanda aka kama da kayan sata da kuɗinsu ya kai kwabo 13 da rabi, kansa ya tafi. A 1650 aka yi amfani da ita na ƙarshe. Wannan ratse ne, mu koma kan ginin.

A shekarun 1760 da 1770 garuruwan yankin sun shiga gasar gina zauren sayar da tufa. Huddersfield ta gina nata a 1766, Bradford a 1773, Leeds ma ta ƙara wani a 1775. Duk garin da ba shi da wuri mai kyau, fatake za su wuce shi. Masaƙan Halifax suka taru a 1774 suka yanke shawarar yin nasu. Wani attajirin garin mai suna John Caygill ya ba da fili ya kuma ƙara da kuɗi, sauran kuma karo-karo aka yi, duk wanda ya biya rabonsa ya mallaki ɗaki. Ku riƙe wannan, don zai dawo. Gwamnati ba ta sa ko kwabo ba, kuma ba mutum ɗaya ne ya mallake shi ba.

Abin da zai ba ku dariya shi ne lokacin ciniki. Wannan gini duka, ranar Asabar kawai ake buɗe shi, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana. Awa biyu a mako. A kaɗa ƙararrawa a fara, a kaɗa a tashi, wanda ya ci gaba da ciniki bayan ƙararrawa a ci shi tara. Kar ku ɗauka wauta ce. Masaƙi ba ɗan tireda ba ne da zai wuni a shago, duk awar da ya yi a kasuwa awa ce da ƙoshiya ba ta gudu. Shi ma falke ya san in ya zo a wannan awa biyun zai tarar da kowa da kowa, ya kwatanta kaya da farashi, ya wuce wani garin da kasuwarsa ke ci wata ranar. Ƙaramin masaƙin da ba shi da ɗaki kuwa yakan biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya baje nasa a tsakar gidan. Sauran kwanakin mako ɗakunan sito ne, a kulle kaya a tafi. Shi ya sa bangon waje ba tagogi, shi ya sa ƙofofin shiga ba su da yawa. Kamannin ginin gaba ɗaya daga tsoron ɓarawo da tsarin awa biyun nan suka fito.

Yanzu ga inda labarin ya juya. Ranar da ake shagalin buɗe ginin, abin da zai kashe cinikinsa ya riga ya kama hanya. Injinan kaɗi sun riga sun fito a masana'antar auduga da ke maƙwabtaka da su a Lancashire. A 1785, shekara shida kacal bayan buɗewa, Edmund Cartwright ya yi rajistar injin saƙa. Ulu ya fi auduga gardama a inji, saboda haka masaƙan Yorkshire sun ɗan samu jinkiri, amma jinkiri ne kawai. Kaɗi ya fara barin gida ya koma masana'anta, saƙa ta bi baya. Mutane ba su karɓi abin da daɗi ba. A 1812 an yi ta fasa injuna a yankin, a farkon 1813 gwamnati ta rataye mutane a birnin York. A watan Agustan 1842 ma'aikata suka yi bore a Halifax kanta, suna bi masana'anta-masana'anta suna kashe tukunyar tururi, sojoji suka buɗe musu wuta.

Ku lura da abu ɗaya. Garin bai talauce ba, arziki ma ya ƙaru. Tufar da ake yi a Halifax a 1850 ta ninka ta 1779 nesa ba kusa ba. Hanyar sayarwa ce ta canza. Mai masana'anta da ke da ɗaruruwan ma'aikata ba zai saɓo bandir a kafaɗa ya zo ya tsaya a ɗan ɗaki ranar Asabar ba. Yana da nasa sito da nasa ofis, falke ya je can ya ga samfur ya ba da oda, jirgin ƙasa, wanda ya iso garin a 1844, ya kwashi kaya. Babbar kasuwar irin wannan yadi kuma ta koma Bradford. Ɗakunan Piece Hall suka riƙa zama ba kowa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi ne gare ku masu tsara kasuwanni: gini na iya mutuwa alhali sana'ar na bunƙasa, in dai hanyar da kaya ke bi daga mai yi zuwa mai saye ta kauce masa.

A wannan tsakanin tsakar gidan ce ta riƙe wurin. Garin ba shi da wani fili mai katanga da ƙofa da zai ɗauki dubban mutane sai shi, kuma wuri mai ƙofa wuri ne da ake iya karɓar kuɗin shiga. A 1824 wani mai suna Charles Green ya tashi sama a cikin balan-balan daga nan. A 1861 Blondin, mutumin nan da ya tsallake magangarar ruwan Niagara a kan igiya, ya zo ya yi tafiya a kan igiyar da aka ɗaura daga wannan kusurwa zuwa waccan. Makarantun coci sukan tara dubban yara su yi waƙoƙin addininsu, 'yan siyasa su yi gangami. Barandar da aka yi don masaƙi ya fito da yadi haske falke ya duba, ta zama wurin tsayuwar 'yan kallo. Waɗanda suka gina ta ba su yi niyyar haka ba.

Amma taron shekara-shekara ba ya gyara rufi. A 1868 masu ɗakunan suka haƙura, suka miƙa ginin ga hukumar gari. Hukuma ta duba me take buƙata, ta ga masu sarin kifi da kayan gwari da 'ya'yan itace sun cika tituna, ta kwashe su ta zuba a ciki. A 1871 wurin ya zama kasuwar 'yan sari. Aka faɗaɗa ƙofar kudu don keken doki ya iya shiga da kaya, aka sa mata manyan ƙyamaren ƙarfe da aka ƙero a Glasgow, suna nan har yau. Aka fasa bangon da ke tsakanin wasu ɗakunan ƙasa aka haɗe su. Tsakar gidan nan mai kyau aka cika ta da rumfuna. Da asuba amalanke da dawaki, daga baya motoci, ga ƙarnin kifi, ga ruɓaɓɓen kabeji, ga hayaƙin masana'antu ya mai da dutsen baƙi ƙirin.

A nan nake son in daɗe, don a nan ne na saba da yadda aka saba ba da labarin. Yawanci in ana tarihin wannan gini, sai a yi ta yabon zamanin masaƙa, a zo kan zamanin kifi a yi masa layi biyu kamar abin kunya, a yi tsalle zuwa gyaran da aka yi kwanan nan. To ku yi lissafi da kanku. Daga 1779 zuwa 1868 shekara 89 ke nan, kuma kusan rabinsu cinikin tufar na ja da baya ne. Daga 1871 zuwa 1971 shekara 100 cif. Ginin ya fi daɗewa yana kasuwar kifi da kayan gwari a kan yadda ya daɗe yana kasuwar tufa. Kuma a ganina waɗannan shekaru ɗarin su ne suka cece shi.

Ku duba 'yan'uwansa. Na Bradford an rushe shi tun a ƙarni na 19. Na Leeds da aka gina a 1775, layin dogo ya bi ta kansa a shekarun 1860, guntu kawai ya rage. Na Huddersfield an rushe shi a 1930 aka gina gidan sinima a wurin. Ba don sun fi na Halifax muni ba ne. Filinsu ne ya zo ya fi su daraja, kuma ba wanda abincinsa ke cikinsu da zai tsaya musu. Na Halifax kuwa kullum da asuba akwai mai buɗe ƙofa. Akwai haya da ke shiga aljihun hukuma, saboda haka in rufi ya yi yoyo akwai mai kai ƙara, akwai kuma dalilin gyarawa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikinku ya san ɗakin da ba a kwana cikinsa shi damina ke fara ci. Gini na dutse ma haka yake, sai dai shi ya fi jinkiri. Yau a duk Birtaniya, cikin manyan zaurukan tufa na wancan zamani, shi kaɗai ya rage a cike.

Ban ce 'yan kifi ba su yi ɓarna ba, sun yi. Amma ku bambanta ɓarna iri biyu. Rumfar da aka kafa a tsakar gida, ranar da aka ga dama a cire ta. Bangon tsakanin ɗaki da ɗaki, in an so a mayar. Baƙin hayaƙi a wanke. Ginshiƙai da baranda da siffar filin kuwa ba a taɓa su ba, don sabon aikin bai buƙaci a taɓa su ba. In wani ya kawo muku tsohon gini ya ce zai mai da shi wani abu, tambayar farko da za ku yi ita ce: abin da zai canza, ana iya mayar da shi ko ba a iyawa? Wannan ta fi tambayar ko sabon aikin ya dace da darajar ginin. Daraja ba ta hana rufi zuba.

Haɗarin gaske ya zo ne a 1971, lokacin da aka kwashe 'yan sarin aka kai su wani wuri da manyan motoci za su iya shiga. Ginin ya zama kango a karon farko. Ku tuna wane zamani ne. Zamanin rusau ne a Turai, ana ganin duk wani tsohon abu cikas ne ga titi da wurin ajiye mota. A Landan an rushe babbar ƙofar tashar Euston a farkon shekarun 1960 duk da ihun da aka yi. A Faris, a wannan shekarar ta 1971 aka fara rushe rumfunan ƙarfe na kasuwar Les Halles bayan an mai da 'yan sari Rungis, a wajen birnin. Piece Hall yana cikin jerin gine-ginen da doka ta ba kariya mafi girma tun 1954, amma duk da haka maganar rushe shi ta zo gaban majalisar gari a 1972. Labarin da mutanen Halifax ke bayarwa har yau shi ne da ƙuri'a ɗaya tak ya tsira. Kansila ɗaya da ya makara ko ya kwana da zazzaɓi, da yanzu wurin ajiye motoci nake nuna muku, ko kuma ba na nuna muku komai.

Aka cire rumfunan, aka wanke dutsen, aka sake buɗe shi a watan Yulin 1976 da ƙananan shaguna: masu kayan hannu, masu tsofaffin littattafai da kayan da, ga kasuwa a fili wasu ranaku. A shekarar ne kuma birnin Boston na Amurka ya buɗe tsohuwar kasuwar Quincy bayan irin wannan gyara, Landan ta bi da Covent Garden a 1980. Ra'ayi ya juya ke nan cikin shekara goma.

Sai dai wannan rayuwa ta uku ba ta yi ƙarko yadda aka so ba, kuma dalilin na cikin ginin kansa. Abin da ya dace da masaƙi bai dace da mai shago ba. Masaƙi yana son bango ba taga, mai shago yana son mai wucewa a titi ya hango kayansa. Falke ya san ɗakin da zai je ko a hawa na uku ne, mai yawon kallo kuwa ba ya hawa bene sai da dalili. Ɗakunan ƙanana ne, ga sanyi, ga filin gangare da ke wahalar da tsoho da mai keken guragu. Ƙofofin kuma ba su sa mutum ya ratsa ta ciki a kan hanyarsa ta zuwa wani wuri ba, sai wanda ya yi niyya. A hankali shaguna suka riƙa rufewa. Garin ma a lokacin yana cikin wani hali. Masana'antar darduma ta iyalin Crossley da ke Dean Clough, wadda tana cikin mafi girma a duniya, ta rufe a 1982. Irin masana'antun da suka kashe kasuwar masaƙan hannu, su ma nasu ya zo. Wani ɗan kasuwa, Ernest Hall, ya sayi masana'antar a 1983 ya mai da ita ofisoshi da zaurukan nuna zane-zane. Wannan lacca ce mai zaman kanta.

A 2014 aka sake rufe Piece Hall don babban gyara na kimanin fam miliyan 19. Ƙaramar hukumar Calderdale, wadda Halifax ke ƙarƙashinta, ta sa kuɗi, wasu gidauniyoyi suka taimaka, kusan fam miliyan 7 kuma daga asusun cacar ƙasa na kula da kayan tarihi suka fito. Na ga wasu sun ɗaga gira. E, kuɗin caca, can haka suke yi, ni labari nake ba ku. An sake buɗewa ranar 1 ga Agusta, 2017. Abin da ya fi burge ni a aikin ba gyaran dutse ba ne. An huda sabuwar ƙofa ta gabas, wadda ta haɗa ginin da sabon laburaren garin da hanyar tashar jirgin ƙasa. Yanzu wanda ya sauka daga jirgi zai shiga gari yana iya ratsawa ta tsakar gidan. Ƙofa ɗaya ta mai da wurin da ake zuwa da niyya ya zama hanya, kuma mai shago da hanya yake ci. An kuma baje gangaren filin aka shimfiɗa dutse, aka yi matakala a gefe. A kan wannan ra'ayina ya kasu biyu. Filin ya fi amfani, gaskiya ne, amma gangaren nan shi ne dalilin hawa biyu a can hawa uku a nan, yanzu sai an yi wa baƙo bayani kafin ya gane.

Yau wata gidauniya ce mai zaman kanta ke tafiyar da wurin, ginin kuma na ƙaramar hukuma ne. Akwai shaguna da gidajen abinci, shiga kyauta ne. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne wasannin mawaƙa da ake yi lokacin bazararsu, inda mutum fiye da 5,000 ke cika tsakar gidan a dare ɗaya. Wato an koma ga abin da mai balan-balan da mai igiya suka gano tun ƙarni na 19: fili mai katanga da ƙofa. Ɗakuna 315 da aka yi ginin dominsu sun zama ado, filin da aka bari don haske da wucewa ya zama shi ne jari. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin ƙarshen labari ba. Wasa sana'a ce mai hawa da sauka kamar tufa, kuma ginin da ya dogara da 'yan watannin rani dole wani ya biya kuɗin hunturu.

Kafin in zauna, kalma biyu a kan namu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Duk inda ya tsaya, kamfanoni irin su John Holt da UAC da CFAO da GBO sun gina kantuna da sito-sito na gyaɗa da auduga da fatu. Cinikin ya tafi, gine-ginen da yawa suna nan. In kun je za ku tarar wani ya zama sito na taki ko siminti, wani injin niƙa, wani makaranta, wani garejin kanikawa. Ɗalibi in ya gani sai ya ce an wulaƙanta tarihi. Ni kuwa in na ga bakanike a ciki hankalina ya fi kwanciya da in ga kwaɗo a ƙofa da ciyawa a kan rufi. Aikin da nake so ku yi shi ne ku auna su, ku zana su, ku rubuta wa ke ciki da abin da yake yi, ku kuma tambayi tsofaffin unguwar abin da aka yi a ciki kafin shi, tun suna raye.

Shugaba ya ɗaga mini agogo. Na gode. In da tambaya, bisimilla.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko ba zai fi kyau a mai da irin waɗannan gine-gine gidajen tarihi ba.)

Malama, gidan tarihi nawa gari ɗaya zai iya ɗauka? Ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kuma gidan tarihi ci yake yi, ba ya kawowa: albashi, wuta, mai gadi, duk daga baitulmali. Ranar da kasafi ya gaza shi ake fara mantawa. A Piece Hall ma ɓangaren da aka ware don nuna tarihi kaɗan ne, sauran duk haya ce. In kina da sito goma a bakin tasha, ki zaɓi ɗaya ki yi gidan tarihi, taran ki bar masu sana'a a ciki, ki rubuta musu sharaɗin abin da ba za su fasa ba.

(Wani ɗalibi ya tambaya me ya sa masu ɗakunan suka miƙa ginin ga hukuma maimakon su sayar.)

Ka tuna na ce ku riƙe maganar karo-karo. Gini ne mai masu shi da yawa, kowa da ɗakinsa, bayan shekara kusan 90 kuma yawancin waɗanda suka biya kuɗin farko sun mutu, magada ne. Wasu sun zama masu masana'anta ba su da buƙatar ɗakin, wasu sun bar sana'ar. Rufi kuwa ɗaya ne a kan kowa. Irin wannan dukiya tara masu ita a kan gyara wahala ne, tara su a kan sayarwa ma wahala ne, kai da ka taɓa zama a rabon gadon gida ka sani. Wannan ya hana gyara, amma a ganina ya kuma hana wani mutum ɗaya ya wayi gari ya sayar wa mai rusau. Da ya koma hannun hukuma sai ya zama rushe shi na buƙatar zaman majalisa da ƙuri'a a bainar jama'a, shi ya sa har aka samu damar ƙuri'a ɗayan nan ta 1972. Don haka in kun je aikin auna sito-siton da na ce, kafin ku fito da tef ku fara binciken takardar fili: na hukumar jiragen ƙasa ne, na jiha ne, na magada ne, ko hayar shekaru ce da ta kusa ƙarewa. Akwai wani mai tambaya a can baya?